Daren Da Muka Raka Likita Daga Dala Zuwa Fagge

Ranar da Likita ya shaida mana cewa bizarsa ta fito, abin da ya fara zo mana a rai shi ne walima. Ɗan Kwari, wanda a cikinmu shi Allah ya fi buɗa wa, ya ce zai kama ɗakin taro a wani otal da ke Nassarawa, a yanka rago, a kira mai hoto. Likita ya girgiza kai. Ya ce abin da yake so bai kai haka tsada ba, sai dai ya fi haka wuya. Mu huɗu mu haɗu a gindin Dala bayan la'asar, ranar jajibirin tafiyarsa, mu tako da ƙafa har gidan mahaifiyarsa a Fagge, ba mota, ba adaidaita sahu. Ya ce ya fi shekara goma sha biyar yana ratsa garin nan a cikin mota tsakanin gida da asibiti, gilashi a rufe, ba ya so ya bar Kano bai gan ta ba.

Mu huɗun nan tun aji ɗaya na sakandare muke tare. Sunayen da na kira su da su a nan su ne waɗanda muke kiran juna da su: Likita, wanda likitan yara ne, Ɗan Kwari, mai sayar da atamfa da shadda, Malam, wanda ke koyar da tarihi a wata makarantar gwamnati, sai ni. Ya kamata in faɗa wa mai karatu tun yanzu cewa da fushi na je wurin. Na taɓa rubutu a wannan shafi ina sukar likitocin da talaka ya ɗauki nauyin karatunsu, suka sami takarda, suka hau jirgi. Likita ya karanta a lokacin, bai ce mini komai ba. Ashe a watannin nan yana shirin jarrabawar Ingila.

Lokacin hunturu ne, hazo ya rufe gari. Da muka kai saman dutsen muna haki, mu da muke hawansa da gudu muna yara, sai muka tarar da rana ta zama kamar faifan azurfa, mutum na iya kallonta ido da ido. Daga can sama Kano ba ta da iyaka. Rufin kwano mai tsatsa ya shimfiɗu ta kowace fuska har ya ɓace cikin ƙura, sai jefi-jefi ka hango soron ƙasa mai zanko da ya tsira daga bulo da siminti. Goron Dutse na tsaye ta yamma, hasumiyoyin Babban Masallaci na leƙowa ta kudu, shirwa na shawagi a ƙasa da mu. Abin takaici, saman dutsen da ake cewa nan ne asalin garin cike yake da leda da shara, amma wannan zance ne na wata rana.

Malam ba ya ganin dutse ya yi shiru. Ya tuna mana da Barbushe da Tsumburbura, da maƙeran da suka fara zama a gindin dutsen saboda tama, da Sarki Gijimasu da ya fara gina ganuwa, da Muhammadu Rumfa da ya faɗaɗa ta ya kafa kasuwar Kurmi. Sa'an nan ya nuna wajen Ƙofar Mazugal, ya ce a can ne ɗaya daga cikin filayen da ake tara buhunan gyaɗa, tulin da Kanawa suka rasa abin da za su kwatanta shi da shi sai wannan dutse, suka ce dalar gyaɗa. Dogo ya iso Kano a 1911, daga shekarar da ta biyo baya gyaɗa ta fara gangarawa Legas a cikin taragu, daga can a zuba ta a jirgin ruwa zuwa Ingila. Fari na farkon shekarun 1970 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 suka kawo ƙarshen wannan zamani. Ɗan Kwari ya ce ai Manchester ɗin da Likita zai tafi, can ne garin da kakanninmu suka san sunansa a jikin bandir ɗin yadi. Malam ya ce, “To, da gyaɗa da auduga da ƙirgi muke aika musu. Yanzu gyaɗa ta ƙare, sai muka koma aika musu da likitoci.” Ba wanda ya yi dariya. A daidai lokacin wani jirgi ya ratso hazo yana sassautowa wajen filin jirgin Malam Aminu Kano. Duk muka bi shi da kallo, ban da Likita, wanda ya duƙa yana ɗaure igiyar takalminsa.

Muna saukowa aka fara kiran magariba. Wanda bai taɓa jin kiran salla daga gangaren Dala ba, bai san yawan masallatan Kano ba. Ladani ɗaya zai ɗauka daga nesa, kafin ya kai ƙarshen kabbara ɗari sun karɓa, muryoyi su hau juna har ka kasa raba su. Muka yi salla a wani ƙaramin masallaci na bakin hanya, inda wani dattijo ya gane Likita, ya riƙe hannunsa da hannu biyu yana ba shi labarin jikansa da ya warke, har ya shiga firamare. Likita ya yi ta cewa alhamdu lillahi. Bai gaya masa gobe zai tafi ba.

Daga nan muka shiga lungu. Ɗan Kwari ya ba da shawara kowa ya tura wayarsa can cikin aljihun ciki, saboda masu ƙwacen waya da suka addabi gari. Ban taɓa tsammanin zan gode wa ɓarayi ba, amma albarkacinsu muka yi sa'o'i muna magana da juna ba wanda ya duƙar da kai yana latse-latse. Cikin birni da dare duniya ce daban. Lungu zai ƙuntace har sai kun jera ɗaya bayan ɗaya, kwata na gudana a tsakiya, sa'an nan ya buɗe ka faɗo wani ɗan dandali inda mai ƙosai ta kunna wuta, yara sun kewaye ta. Ta wani zauren kana jin almajirai na karatun dare, ta wani kana jin ƙarar keken ɗinki, ta wani ƙamshin turaren wuta. Babu lantarki. Fitilun da ke haskaka hanya 'yan ƙanana ne masu caji da masu tireda suka rataya. Dattawa na zaune a dakali cikin manyan riguna da rawani saboda sanyi, kowace majalisa ka wuce sai ka yi sallama, a amsa maka kamar an san ka.

A nan Malam ya faɗi abin da ya tsaya mini a rai. Ya ce duk mai son ya san Kano ya saurari sunayen unguwanninta. Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Agadasawa, Ayagi ta Yarbawa, Sharifai, Madabo ta malaman Wangarawa, Alfindiki da sunanta ya fito daga kalmar Larabci ta masaukin fatake, Dandalin Turawa inda Larabawan Tarabulus da Gadamas suka zauna tun lokacin da su ake kira Turawa, kafin Nasara su zo su gaje sunan. Kowace unguwa a cikinsu wani ne ya bar garinsu, ya yi ban-kwana da abokansa a wani dare irin wannan, ya zo nan ya kafa ta. Ya ce kirarin garin ma da mai zuwa yake magana, ko da me ka zo an fi ka. Kano ta saba da tarbar baƙo, ba ta tanadi abin da za ta ce wa ɗanta mai tafiya ba.

Kurmi ta riga ta tashi, rumfuna a garƙame, sai masu gadi da ƙamshin kayan yaji da na jima da ya maƙale a bango. Muka gangara wajen Jakara neman gurasa, domin Likita ya ce ita ce farkon abin da zai yi kewa. Ita ma gurasar baƙuwa ce, Larabawan nan ne suka zo da ita, yau ga shi ba abincin da ya kai ta zama ɗan Kano. Aka yi mana bandashe, aka yayyafa ruwa, aka barbaɗa ƙuli-ƙuli da yaji, aka zuba man gyaɗa da albasa da tumatir. A tsaye muka ci, daga faranti ɗaya, kamar yadda muke yi muna 'yan makaranta idan muka haɗa kuɗin tara. Likita ya tambayi kuɗin, da aka faɗa masa ya yi murmushi, ya ce a shekarar da muka gama sakandare wannan kuɗi zai ciyar da ajinmu kaf.

Kafin mu kai Ƙofar Mata an yi isha. Marinar da ke gefen ƙofar a rufe take, amma muka tsaya muna leƙen bakin karofi ta cikin duhu. Ana cewa tun 1498 ake rini a wurin. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya ga yadda tufar da aka saƙa aka rina a ƙasar nan take kaiwa har Tumbuktu da Tarabulus. Yau da yawa daga cikin ramukan sun bushe, wasu shara ta cike su, waɗanda suka rage kuma 'yan yawon buɗe ido da masu sayen tsaraba ne suka fi riƙe su. Ɗan Kwari, wanda ya fi mu sanin wannan ciwo, ya ce a rumfarsa da wuya ka sami yadi ɗaya da aka saƙa a Kano. Masaƙun Bompai da Sharaɗa da Chalawa da iyayenmu suka yi aiki a ciki yawancinsu sun zama kango ko sito, kayan Sin ne suka cika kasuwa. Ya ce shi ma ɗan ci-rani ne, sau biyu a shekara yana zuwa Guwanzu saro kaya, bambancinsa da Likita kawai shi yana dawowa.

A ƙofar gari ake rabuwa da matafiyi a da. Bahaushe ba ya sallamar baƙonsa daga zaune, sai ya taka masa, gwargwadon girman baƙo gwargwadon nisan rakiya. Mai tafiya Gwanja saro goro, cikin ayarin Agalawa ko Tokarawa ko Kambarin Barebari, da jakuna ɗauke da kanwa da tufafi, madugu a gaba, sai a raka shi har bayan ganuwa, a yi addu'a, a juyo. Mai niyyar Makka a ƙasa kuwa, wasiyya yake bari, domin tafiya ce ta shekaru: Barno, Wadai, Darfur, har Sawakin a bakin Bahar Maliya. Wasu sun je sun dawo da furfura. Wasu guzuri ya ƙare musu a Sudan, suka tsaya noman auduga a Jazira don su tara na gaba, suka yi aure, suka haifi 'ya'ya, ga jikokinsu can har yau suna Hausa. Garin Mai Wurno da ke bakin Nilu, mutanen da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 ne suka kafa shi, ƙarƙashin ɗan Sarkin Musulmi Attahiru. Haka zangon Kumasi, haka Sabon Zango na Ankara. Duk wanda ya ce barin gida baƙon abu ne ga Bahaushe, bai san tarihin kakanninsa ba. Na san wannan duka, amma bai rage mini fushi ba.

A teburin wani mai tsire a Fagge, bayan mun fita daga ganuwa, maganar ta fashe. Muna zaune a benci, gawayi na tartsatsi, mai nama na juya tsinke yana yayyafa mai, sai Ɗan Kwari ya ce shi bai ga abin ɓacin rai ba. Alhassan Ɗantata ma daga Bebeji ya fita, ya yi Gwanja, ya yi Kumasi da Ankara, ya dawo ya zama attajirin da ba a yi kamarsa ba a zamaninsa. Tafiya mabuɗin ilimi, kuma mabuɗin arziki. Likita ya ce shi ma ci-rani zai je, shekara biyar ko shida, ya ƙaro ilimi, ya tara abin da zai gina ɗan asibitin yara, ya dawo.

Malam ya ajiye tsinkensa. Ya ce, “Mutumina, kada ka yaudari kanka, kada ka yaudare mu. Ɗan ci-rani yana dawowa ne saboda yana da gona. Hadari na haɗuwa a gabas zai ɗaure kayansa, don ya san idan bai dawo ba shekararsa ta lalace. Kai wace gona ka bari? Nan da wata shida iyalinka za su bi ka. Yaranka za su shiga makaranta, bakinsu ya juye. Nan da shekara biyar babbar 'yarka tana shirin jami'a, ka ce bari ta gama. Wane ruwan sama ne zai kira ka?”

Ni kuma na ɗora da abin da na daɗe ina riƙewa. Na ce Ɗantata kaya ya fita da su ya dawo da kaya, ba wanda ya mutu don ba ya gari. Na tuna masa cewa kuɗin da iyayensa suka biya a jami'a bai kai kuɗin littattafan da ya karanta ba, ragowar dukiyar jama'a ce, ta mai gurasar can da mai tsiren nan. Na ce Ingila da kanta ta sa Nijeriya cikin jerin ƙasashen da ta hana a je a yi zawarcin ma'aikatan lafiyarsu saboda ƙarancinsu, amma ta bar ƙofa a buɗe ga wanda ya kawo kansa, shi kuma ya kai kansa. Na ce da ƙudurin nan da wani ɗan majalisar wakilai ya kawo a 2023, na tilasta wa sabon likita aikin shekara biyar a gida kafin a ba shi cikakken lasisi, ya zama doka, da na yi murna.

Likita ya bari har na gama. Ba mai ɗaga murya ba ne, ko a makaranta. Ya ce, “Shekara biyar? Na yi sha biyar da ɗoriya.” Ya tambaye ni ina nake a daren Juma'ar 20 ga Janairun 2012, da bama-bamai suka tashi a garin nan. Na ce ina gida, an sa dokar hana fita. Ya ce shi a lokacin yana ƙaramin likita, kwana uku bai cire takalmi ba. Ya ce a watan Afrilun 2020, da manyan gari suka yi ta mutuwa ana rufe asibitoci masu zaman kansu, bai rufe wayarsa ko dare ɗaya ba. Da mashaƙo ya ɓarke a 2023, ya ga yara suna shaƙewa a hannunsa saboda cutar da allurar riga-kafi ke hanawa. Ya ce duk wannan bai kore shi ba, domin aikin ke nan, shi ya zaɓa.

Abin da ya kore shi, in ji shi, ƙananan abubuwa ne da suke maimaituwa kullum. Ka rubuta wa uwa magani, ka ga ta ninke takardar ta ɗaure a bakin zane, ka san ba za ta saya ba, domin kuɗin ya fi abin da mijinta ke samu a mako. Ka nemi jijiyar jariri da fitilar waya. Jarirai biyu su raba tukunyar iska ɗaya, kai ne za ka zaɓi wanda za a cire wa. Ka duba yaro na tamanin a yini ɗaya, ka san ba ka ba shi hankalin da ka ba na farko ba, ka koma gida kana tunanin abin da ya wuce ka. Ya ce tun da aka janye tallafin mai a Mayun 2023, aka saki naira ta tashi daga ƙasa da 500 a kan dala ɗaya ta haura 1,500, albashinsa ya zama ba ya kai shi ƙarshen wata, shi da ke riƙe da gida uku. Ya fara karɓar aikin dare a wani asibitin kuɗi bayan ya tashi daga na gwamnati. Wata safiya ya farka a kan sitiyari, motarsa ta hau gefen titi, bai san lokacin da barci ya ɗauke shi ba. Ya ƙirga mana da yatsu abokan karatunsa: wannan yana Saudiyya, wannan Kanada, wannan Ingila, wannan ya bar aikin ya koma kasuwa, wannan ya rasu. Duk wanda ya tafi, aikinsa a kan waɗanda suka rage yake faɗowa. Ya ce, “Na san gobe nawa zai faɗo a kan wani. Ba sai ka gaya mini ba. Da shi nake kwana.”

Sa'an nan ya dube ni ya ce, “Kai kuma ba don talaka kake fushi ba. Don 'yarka kake yi.” Gaskiya ya faɗa. Shekara huɗu da suka wuce, ƙarfe biyun dare, zazzaɓin cizon sauro ya sa 'yata suma, na kira shi, ya zo da silifas da rigar barci, ya ɗauke ta a motarsa. Ni ban taɓa bin layin asibiti tun asuba ba, domin ina da lambar Likita. Abin da ke tafiya gobe gata ne da na daɗe ina ci ban san ina ci ba, kuma da ya tafi zan koma cikin layin da sauran jama'a suke ciki tun fil azal. Ban janye ra'ayina ba, har yanzu ina ganin ƙasar da ta horar da likita tana da haƙƙi a kansa. Amma na gane cewa a rubutun da na yi, na tuhumi wanda ya fi sauƙin tuhuma, na kyale waɗanda suka mayar da asibiti wurin da mai hankali ke gudu, waɗanda su kansu ciwon kai ke kai su Landan da Alƙahira da Dubai.

Mai tsire, wanda duk ya ji abin da muke faɗa, ya ƙara mana tsinke huɗu, ya ce kyauta ne, na matafiyi.

Bayan haka hira ta yi sauƙi, kamar yadda jiki ke yi idan ƙurji ya fashe. Muka koma teburin mai shayi da ke kusa, aka haɗa mana mai kauri, aka soya ƙwai. Likita ya ba mu labarin zuwansa Manchester na farko, domin a can ake yin kashi na biyu na jarrabawar. Ya ce ƙarfe huɗu na yamma duhu ya yi, ruwa ba ya tsayawa kuma ba ya yin ƙarfi, ya yi sallama a cikin bas aka dube shi kamar mahaukaci. Ana gobe zai dawo ya shiga tasi, yana waya da matarsa, sai direban ya juyo ya gaishe shi da Hausa. Mutumin zangon Kumasi ne, kakansa daga ƙasar Kano ya tafi saro goro bai dawo ba. Hausarsa irin ta can ce, mace ma “ya zo” ake ce mata. Ya ƙi karɓar kuɗi, ya ce shi bai taɓa ganin Kano ba, ya tambaya ko da gaske akwai wani dutse a tsakiyar gari. Malam ya ce to ka ga jikanka ke nan. Wannan karon har Likita sai da ya yi dariya, ko da yake ba ta daɗe ba.

Wajen ƙarfe ɗaya muka isa ƙofar gidansu. Fagge ta yi tsit, sai haushin karnuka da wani janareto can nesa. Wannan unguwa ma asalinta zango ce, inda ayarin raƙuma ke sauka a bayan ganuwa. Mun yi niyyar mu rabu a zaure, sai ƙanwarsa ta leƙo ta ce Hajiya ta ce mu shigo. Muka tarar da ita zaune a kan abin salla, carbi a hannu, fitila a gefe. Muka durƙusa muka gaishe ta. Likita ɗan fari ne, ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kuma kallonsa a gaban mutane. Ko a daren nan ba ta saɓa ba. Mu ta yi wa magana, shi yana tsugune a bakin ƙofa kamar baƙo.

Ta tura mana wani ƙullin kaya, ta ce, “Ku ba abokinku.” Kuka ce da busasshiyar kuɓewa da daddawa da yaji, da kilishi, da man shanu a cikin kwalba. Likita ya ce da ni a hankali, in gaya mata ba a shiga Ingila da nama ko abin da aka yi da nono, za a karɓe a filin jirgi. Na faɗa mata. Ta yi shiru, sa'an nan ta ce wace irin ƙasa ce ake hana mutum shiga da man shanun uwarsa. Ta zare kwalbar da kilishin ta miƙa wa Malam, ta ce ya kai wa yara. Ta ce, “Ku gaya masa ya riƙe salla. Ku gaya masa kada ya bari yaran nan su manta gaisuwa. Na yafe masa duniya da lahira.” Muryarta ba ta yi rawa ba, carbin ne kawai ya tsaya a hannunta. Ta ɗaga hannu ta yi addu'a mai tsawo, muka shafa.

A zaure Likita ya zaro wata takarda daga aljihu ya ba ni. Rubutunsa ne, amma ya yi shi dalla-dalla yadda zan iya karantawa: sunayen magungunan hawan jini da na sukari na Hajiya, da na safe da na dare, da ranar da za a mayar da ita awo, da alamomin da idan an gani kada a jira gari ya waye. A ƙasa ya rubuta sunan wata ƙaramar likita da ya horar, ya ja layi biyu, ya ce wannan ta 'yata ce, ya riga ya yi mata magana. Na tambaye shi ko ita tana nan daram. Ya ce ta fara karatun jarrabawar Turanci, amma za ta kai shekara biyu.

Ya ce kada wanda ya zo filin jirgi, rakiyar ta isa haka. Ɗan Kwari ya rungume shi yana kuka a fili, Malam ya riƙe hannunsa ya daɗe bai saki ba. Sai kuma al'ada ta juya, shi ya tako mana har bakin titi, ya tsaya a ƙarƙashin wata fitila da ba ta aiki har muka sami abin hawa.

Washegari da rana ina cikin wani kantin magani a Sabon Gari, riƙe da takardar, ana duba mini ko akwai na biyu a jerin, sai na ji ƙarar jirgi ya tashi ya yi gabas. Mai kantin ya dawo ya ce wannan ya yanke a kasuwa, sai dai in ɗauki makamancinsa, ya tambaye ni ko zan kira likitan da ya rubuta in ji ta bakinsa.